Bakin da Goggo ta Murɗe

Kwanana uku a Alƙahira na gane Ustaz Sabo maƙaryaci ne. Ɗan garinmu ne da ya daɗe a Masar, shi ya yi ta kiran mahaifina a waya yana rantsuwa cewa ya samo min gurbin karatu, har gado an ware min a masaukin ɗalibai mata. Da na je ofishin da ya kwatanta, ma'aikaciyar ta duba takardu, ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce babu sunana a ko'ina. A bakin ƙofar na kira shi.

"Ma'alish, Malama Maimuna," in ji shi, ko a jikinsa. "Nan sai haƙuri. Ki dai rage magana, ki kama kanki. Alƙahira ba Azare ba ce."

Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Abin da ya fi ƙona min rai har gobe shi ne amsar da na ba shi. Cewa na yi, "To, Allah ya saka da alheri, Ustaz." Ni da na baro 'ya'yana marayu biyu wajen yayata, na baro aji guda na matan aure da nake koyarwa a Islamiyya suna jiran in dawo musu da ilimi, mutum ya yaudare ni ya watsar a ƙasar da ban san kowa ba, kuma na bi shi da addu'a. Don kawai ana kiransa Ustaz.

A taragon mata na metro, jirgin ƙasan cikin gari, Allah ya haɗa ni da Hajiya Talatu. Ina zaune ina share hawaye da gefen hijabi, ina cewa "wayyo ni" a hankali, sai na ji an dafa ni.

"Ke, Bahaushiya ce? Me ya same ki kike kuka a gaban Larabawa?"

'Yar Maraɗi ce, tana sarin abaya da turare tana aikawa gida. Ba ta tambaye ni asalina ba. Ta kai ni gidanta a unguwar Ainu Shams, hawa na biyar, babu lif, ta shimfiɗa min katifa a tsakanin ƙullin kaya, ta dafa min tuwon shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya. Da na ba ta labarin Sabo ta tafa hannu ta ce, "Wannan ɗan iskan? Ke ce ta huɗu da na sani. Kuma har godiya kika yi masa? Kai, 'yata, ke ma da naki."

Ainu Shams ta koya min tafiya da sauri. Yara sukan bi ni suna ihu saboda launin fatata, mai sayar da biredi yakan tsallake ni ya sallami wadda ta zo bayana. Larabcina na littafi ne, in na yi magana sai a kwashe da dariya, a ce wai kamar ina huɗuba. Duk na shanye. Abin da ba zai shanyu ba shi ne takardar zama, wadda suke kira iƙama. Sai da wasiƙar makaranta ake ba ɗalibi, ni kuwa ba ni da makaranta.

Hajiya Talatu ce ta ji labarin wata ƙaramar makaranta a unguwar Darrasa, a wani lungu bayan masu sayar da littattafai. Wata tsohuwa ce ta yi waƙafin gidanta kafin ta rasu, da sharaɗi guda: a koyar da mata baƙi fiƙihu, su koma ƙasashensu su koyar da mata. Ba a biyan komai. An riga an fara karatu da mako biyu, amma shugabar makarantar, Duktura Wafa, ta karɓe ni na gwaji. Doguwar mace ce mai farin tabarau, ba ta cika murmushi ba. Ta ce bayan wata uku, in ta gamsu da ni, za ta sa hannu a wasiƙar iƙamata. In ba ta gamsu ba, khalas, shi ke nan.

Mu goma sha ɗaya ne a ajin, ba biyu da suka fito ƙasa ɗaya. Akwai 'yar Indonesiya, 'yar Uzbekistan, 'yar Somaliya, 'yar Bosniya da idanunta kamar na mage, har da wata daga Tailan. Kowa da mazhabar da ta tashi a kai, ni kaɗai ce 'yar Malikiyya. A kan tabarma ɗaya muke cin abincin rana, kowa ta buɗe abin da ta kawo. A nan na fara cin shinkafa da madarar kwakwa, a nan kuma yajin ƙuli-ƙulina ya sa 'yar Bosniya kuka da majina.

Sai dai tun ranar farko suka ba ni haushi. Ban taɓa ganin marasa kunya irinsu ba. Duktura tana tsakiyar bayani, sai 'yar Uzbekistan ta buga tebur ta ce, "A'a, Duktura! Mu Hanafiyya ba haka muke cewa ba." Ido cikin ido, ko rusunawa babu. Ko Nurul, 'yar Indonesiyar, wadda ba ta fi tsayin kafaɗata ba kuma muryarta kamar ta jaririya, sai ta ɗaga yatsa ta ce malama ta yi kuskure. Ni kunya ce take kama ni a madadinsu. Nakan ce a raina, waɗannan ba su da iyaye ne?

Kuma gaskiya Duktura tana kuskure, har abin ya riƙa ba ni mamaki. In ta zo kan Malikiyya, sai ta faɗi abin da ko yarinyar aji biyu a Islamiyyarmu ba za ta faɗa ba, sannan ta tsaya ta zuba min ido ta saman tabarau. Ni kuma sai in sunkuyar da kai, don kada ta ji kunya. In na koma gida in buɗe bayan littafina in rubuta abin da ta faɗa, in rubuta daidai ɗinsa a ƙasa, don kada in kai wa matan Azare ɓata. A saman shafin na rubuta da Hausa, yadda ba mai iya karantawa: Kurakuran Duktura, Allah ya yafe mata. Ina jin kaina mai tarbiyya, ina tausayin tsohuwa.

Saura mako guda wata ukun su cika ta kira ni ofis. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa.

"Tashi ki zauna a kujera, ya binti," ta ce. "Wata uku kina ajina ban ji muryarki ba. Ko dai ba kya fahimtar komai, ko kina fahimta ba ki damu ba. Ko wanne ne, ba zan sa hannu ba. Akwai mata da yawa da ke jiran wannan kujerar."

Wallahi na ji kamar ta watsa min tafasasshen ruwa. Ni ce ba na fahimta? Ni da nake rufa mata asiri kullum? Maganganu suka cika min baki fal. Amma me na ce? "To, Duktura. Na gode." Na fita da baya, na sa takalmina.

A kan matattakala na zauna. Ina ganin kaina na sauka a tashar Azare da jaka ɗaya, matan Islamiyya sun zo tarya, ba ni da abin da zan nuna musu sai abayar Hajiya Talatu. Nurul ta same ni a nan. Ta zauna kusa da ni, ta ɓare lemo ta miƙo min rabi. Na ba ta labari, na buɗe mata bayan littafin don haushi, ina fassara mata layi-layi.

Sai yarinyar nan ta toshe baki. Na ɗauka kuka za ta taya ni, ashe dariya take dannewa.

"Ukti Maimuna, ba wanda ya gaya miki? Da gangan take yi!"

"Da gangan take yin me?"

"Kuskuren. Ta faɗa mana a ranar farko, kafin ki zo. Ta ce kowacce a cikinmu ita ce mai gadin abin da mutanen ƙasarta suka sani. Za ta riƙa faɗin ba daidai ba a kan mazhabar kowa, ta ga ko mai gadin tana barci. Mu ba mu san Malikiyya ba. In ba ki yi magana ba, abin da ta faɗa muke rubutawa, sai ƙarshen mako take gyara mana da kanta, bayan kin ruga kama metro. Ke muke jira ki koya mana, ke kuma kullum kina kallon ƙasa. Mun ɗauka raina mu kika yi."

Ban san wa zan fara jin haushi ba. Sabo, da ya sa na rasa ranar farko. Duktura, da ba ta maimaita ba. 'Yan ajin, da suke cinye min yaji wata uku ba wadda ta ja ni gefe. Amma duk haushin ya zagayo ya dawo kaina. Matan da nake kira marasa kunya aikinsu suke yi, kowacce tana ba mu abin da ta zo da shi daga gida. Ta bakinsu na san yadda ake alwala a ƙasar da ruwa ke daskarewa, na san hukuncin masunta da ke wuni a teku. Ni kaɗai ce nake ci ba na zubawa.

Washegari na kai wa Duktura littafin. Na nuna mata shafukan, na fassara mata har kan maganar da ke sama. Ta karanta Larabcin da ke ciki a tsanake, ba ta bar layi ɗaya ba.

"Tamam," ta ce. "Duk kin kama su. Ba ki bar ko ɗaya ba."

Na ji sanyi a raina, na fara hango wasiƙata.

Ta turo min littafin. "Ba zan sa hannu ba."

"Duktura..."

"Wadda ta ba da gidan nan ba don a cika littattafai ta bayar ba. Gobe kina garinku, wani babban malami ya faɗa wa mata ba daidai ba a kan sallarsu ko aurensu, kina zaune. Me za ki yi? Ki koma gida ki rubuta a bayan littafi? Wa ya ɗinke miki baki?"

Ban yi niyyar faɗa mata ba, maganar ce ta fito da kanta. Ina da shekara tara. Baba malami ne, yana karantar da magidanta a zaure bayan la'asar. Na kai masa buta, sai na tarar wani manomi yana tambaya, wai ya manta ya yi azahar raka'a biyar. Kowa a gidanmu ya san wannan: in ka rage wani abu a sallah, sujjada biyu za ka yi kafin sallama, shi ne ƙabli. In ƙari ka yi, bayan sallama za ka yi su, shi ne ba'adi. Baba ne da kansa ya koya min. Amma ran nan bakinsa ya suɓuce ya ce ƙabli. Ni kuma da butata a hannu na ce, "Baba, ba'adi ne." Ina shiga gida Goggo, yayar Baba, ta kama leɓɓana ta murɗe har sai da suka fashe, tana cewa gobe ma in sake gyara wa malami magana a gaban mutane. Kwana uku ban iya shan kunu ba. Baba yana ji, bai ce komai ba.

Duktura ta cire tabarau. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni.

"Manomin fa?" ta ce. "Da wace amsa ya tafi gida?"

Shekara ashirin da shida ina tuna ranar nan, ina tuna zafin bakina, ban taɓa tuna mutumin ba ko sau ɗaya. Da ƙabli ya tafi. Wataƙila haka ya koya wa matarsa da 'ya'yansa.

"Ranar Alhamis ne darasi na ƙarshe kafin in rufe takardu," in ji ta. "Yalla, je ki."

Da na gaya wa Hajiya Talatu, tana ɗaure ƙullin abaya da haƙori, ta saki igiyar ta ce, "To ke sai ki buɗe baki mana! Ni nan da kika gan ni, ba don baki ba da tuni Larabawan kasuwa sun sayar da ni. Tashi ki gwada a kaina. Ni ce Dukturar." Ta ɗora tabarau a hanci ta zauna a kan ƙulli. Ko ita, da na san wasa ne, na kasa gyara mata.

Ranar Alhamis ban iya karyawa ba. Duktura ta shigo ta ce yau babin rafkanwa a sallah za mu yi. Na san da ni take. Ta bi mazhabobi ɗaya bayan ɗaya, 'yar Uzbekistan ta buga teburinta, Nurul ta ɗaga yatsanta. Sannan ta ce, "Su kuwa Malikiyya, wanda ya yi ƙari a sallarsa, ƙabli zai yi." Ta dube ni ta saman tabarau.

Mata goma suka juyo. Leɓɓana suka yi nauyi, na rantse har zafin hannun Goggo na ji. Na zame daga kujera na durƙusa, don ban san wata hanyar yi wa malami magana ba, na ce da ƙyar, "Allah ya gafarta Malama, kamar dai ba'adi ne."

"Kamar?" Ta ɗaga murya. "Shekara talatin ina koyar da wannan babin. Ke da kika zo jiya daga ƙauye, Larabcinki ma da ƙyar, ke za ki gyara min? Ƙabli ne. Ku rubuta."

Na ga 'yar Somaliya ta ɗauki biro.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Duk abin da na haɗiye tun daga bakin ofishin nan da aka ce babu sunana, har mai biredi, har zauren Baba, shi ya taso min gaba ɗaya. Na ce, "Kada ki rubuta! Ba'adi ne, Duktura! Ƙari ba'adi, ragi ƙabli, in sun haɗu ƙabli ya rinjaya. Ko shekara ɗari kika yi kina koyarwa, ba'adi ne. Kuma Azare ba ƙauye ba ce!"

Ajin ya kaure da tafi, 'yar Uzbekistan tana dukan tebur da hannu biyu. Duktura ba ta yi dariya ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce in zauna. Ta ci gaba da bayani, ta ce wanda ya manta bai yi ba'adin ba har lokaci ya yi nisa, to ya faɗi a kansa, babu komai. Ba ta dube ni ba, ta juya za ta goge allo.

Na riga na samu wasiƙata, na sani. Hankali ya ce in yi shiru haka nan. Amma na ga biro goma suna tafiya a kan takarda.

"Duktura, wannan ma ba haka ba ne a wajenmu. Ba'adi ba ya faɗuwa. Duk ranar da mutum ya tuna sai ya yi shi, ko bayan shekara ne."

Ta tsaya da abin goge allo a hannu. Ta je kabad ta ciro wani tsohon littafi, ta yi ta buɗawa. Can ta rufe shi.

"Wannan ba da gangan na yi ba," ta ce. "Na haɗa shi da maganar wata mazhaba. Maimuna ce da gaskiya. Ku goge, ku rubuta abin da ta faɗa." Ta ɗauki biro ta gyara a takardarta a gabanmu, ta ce, "Na gode, ya Ustaza."

Tunda nake ban taɓa ganin malami ya yi haka ba. Ƙasa ba ta tsage ba, girmanta bai ragu da komai ba. Ni kuwa maimakon murna sai wani sabon baƙin ciki ya taso min, don na ga abin da aka fasa min baki a kansa bai fi minti ɗaya ba.

Bayan la'asar, da wasiƙar a jakata, na tsaya a gindin wata bishiya kusa da masu littattafai na kira gida. Baba ya tsufa, sai an kanga masa wayar a kunne. Na ba shi labarin duka, tun daga Sabo har ba'adin da ba ya faɗuwa. Ban ambaci Goggo ba, ta daɗe da rasuwa. Da na gama, sai ya kira sunana.

"Maimunatu."

"Na'am, Baba."

"Ran nan a zaure. Ba'adi ne. Ke ce da gaskiya. Tun kafin ki ajiye butar na sani."

Na jingina da bishiyar. Ashe yana tune. Ashe ya sani, yana zaune a kan buzunsa yana jin ihuna daga cikin gida. Da can sai in ce ba komai, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma bakin ya riga ya buɗe.

"Baba, shekara ashirin da shida fa. Kana ji Goggo ta fasa min baki."

"Ina ji."

"Manomin kuma da ƙabli ya tafi."

Na ji numfashinsa a wayar, na ji yayata a gefe tana cewa me ta ce maka, me ta ce maka.

"Malam Audu ne, na Unguwar Makera," ya ce. "Yana nan da rai. Ai ke kika ce ko bayan shekara ne ana yi." Sai na ji ya kawar da baki daga wayar yana cewa, "Ke, miƙo min sandata da takalmina."